Ku Tambayi Injiniya: Nawa Rana Za Ta Rage Wa Tashar Kwal Hayaƙi?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kusan duk kan abu ɗaya suka tsaya, wato dabarar nan ta haɗa zafin rana da kwal a tashar wutar lantarki don a rage hayaƙi. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita tambayoyin, ga su nan da amsoshinsu.

Tambaya daga wani malamin fiziks a makarantar sakandare, Unguwar Rimi: Ɗalibaina sun tambaye ni yadda ake haɗa rana da kwal, na ce musu farantan sola ake jerawa a rufin tashar. Na yi daidai?

Malam, ka faɗi rabin magana. Akwai masu jera farantan sola a harabar tasha, kuma za mu zo kansu. Amma abin da injiniyoyi ke nufi idan suka ce haɗin rana da kwal shi ne a ɗebo zafin rana, ba lantarkinta ba, a zuba shi cikin ruwan tashar.

Ka fara zana musu tashar kwal ɗin kanta a allo. Ana niƙa kwal ya zama gari kamar fulawa, a hura shi cikin tukunyar tururi ya kama da wuta. Bututan ruwa ne jere a bangon tukunyar. Ruwan ya zama tururi mai zafin kusan digiri 540, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa wajen sau 170. Tururin ya bugi farfeloli na injin da ake kira tabain, tabain ya juya janareto. Da tururin ya gama aiki sai ya shiga kwandansa, a sanyaya shi ya koma ruwa mai ɗumin digiri 40 ko kusa da haka, famfo ya sake tura shi tukunya. Haka yake zagayawa dare da rana.

To ga inda gizo ke saƙa. Ba a mayar da ruwan digiri 40 tukunya kai tsaye, domin asarar kwal ce, kuma ƙarfen tukunya ba ya son sanyi farat ɗaya. Ana bi da shi ta jerin hitoci, shida zuwa takwas a manyan tashoshi, kowace ta ƙara masa zafi har ya kai digiri 240 ko sama da haka. Hitocin nan da me suke aiki? Da tururin da ake tatsowa daga cikin tabain tun bai gama aikinsa ba. Wato ana hana farfela wani kaso na tururinta don a ɗumama ruwa. Dabarar rana ita ce madubai masu tattara zafin rana su karɓi aikin wasu daga cikin hitocin. Sai a rufe bawul ɗin tatsar, tururin ya zarce ya ci gaba da juya farfela.

Daga nan zaɓi biyu ne. Ko a bar kwal yadda yake a sami ƙarin wuta, ko a bar wuta yadda take a rage kwal ɗin da ake hurawa. Na biyun ne kaɗai ke rage hayaƙin da ke fita daga bututun tashar. Na farkon yana rage hayaƙin kowane kilowat ne a lissafi, amma wanda ke zaune kusa da tashar abin da yake shaƙa jiya shi zai shaƙa yau.

Tambaya daga wata ɗalibar injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna: Ina rubuta aikina na ƙarshe a kan wannan. Wace hita ya fi dacewa a sauya da rana, da wane irin madubi, kuma me ke lalacewa?

Malama, sannu da ƙoƙari. Ki nufi hitocin ƙarshe, masu babban matsi, waɗanda ke bayan babban famfon tukunya. Dalilin shi ne darajar tururin da za ki ceto. Hitar farko da ke bin kwandansa tana shan tururin da ya riga ya gaji, zafinsa bai fi digiri 60 zuwa 70 ba, saura layi ɗaya ko biyu na farfela ya rage masa. Idan kika ceto shi, abin da zai koma lantarki daga zafin ranar da kika zuba ba zai kai kashi 10 cikin 100 ba. Hitar ƙarshe kuwa tana shan tururi mai ƙarfi wanda ke da doguwar tafiya a gabansa. A nan kashi ɗaya cikin uku na zafin ranar, wani lokaci ma fiye, ke komawa lantarki. Ɗalibai da yawa suna zaɓar hitocin farko saboda kayansu sun fi araha, sannan lissafi ya ba su kunya.

Madubai iri uku ne a wannan harka. Akwai mai siffar kwalbati, dogon madubi lanƙwasasshe mai bin rana daga gabas zuwa yamma, yana tattara haske kan bututun ƙarfe da ke cikin bututun gilashi wanda aka zuƙe iskarsa. Wani mai na musamman ke gudana a ciki, yana shiga da zafin digiri 290 da 'yan kai, ya fito da kusan 390. Akwai tsarin Fresnel, siraran madubai kusan a miƙe, a kwance kusa da ƙasa, suna jefa haske kan bututun da ke tsaye a sama ba ya motsi. Ya fi araha, iska ba ta cika damunsa ba, bai cin fili sosai, amma safe da yamma ba ya kama rana kamar na kwalbati. Na uku hasumiya ce da dubban madubai ke kewaye da ita, tana kai gishirin da aka narkar digiri 565. Wannan ya fi ƙarfin ɗumama ruwa, sai dai in tururi za a yi kai tsaye. Don aikin hita, kwalbati ko Fresnel sun isa.

A zanenki ki sa na'urar musayar zafi gefe da hitar, kada ki cire hitar. Bawul mai hanya uku zai raba ruwa tsakaninsu: da hantsi kaɗan ya bi ta ɓangaren rana, da azahar duka ko kusan duka, da la'asar a riƙa mayar da shi hita sannu a hankali. Hitar kuma a bar mata ɗan tururi kullum don ta zauna da ɗuminta, ta iya karɓar aiki cikin mintuna.

Yanzu abin da ke ɓaci. Na farko gajimare. Inuwa na iya rufe filin madubai cikin minti biyu ko uku, zafin ruwan da ke shiga tukunya ya faɗi, alhali tukunyar kwal dabba ce mai nauyin jiki, ba ta juyawa da sauri. Ƙarfe mai kauri idan ana ɗumama shi ana sanyaya shi sau da yawa a yini, yana tsagewa daga wajen walda. Maganinsa tankin mai mai zafi wanda zai riƙe aikin minti goma sha biyar zuwa talatin, da na'urar kallon sama mai hango gajimare kafin ya iso.

Na biyu tabain ɗin kansa. An ƙera shi ne bisa cewa za a tatse wani kaso a hanya. Idan kika rufe tatsar, tururin da ke isa layukan ƙarshe ya ƙaru, dogayen farfeloli na ƙarshe su ɗauki nauyin da ba a tsara musu ba, turin da ke kan sandar injin ya sauya, kwandansa ya cika da aiki. In kwandansa ya gaza, musamman a bazara da ruwan sanyaya shi ma ya yi ɗumi, matsin bayan tabain ya hau, ribar ta zube. Janareto da taransifoma su ma suna da iyaka. Saboda haka ba a taɓa bawul ko ɗaya sai an samo takardar lissafin zafi ta kamfanin da ya ƙera injin. Ki kuma kula da bawul mai hana komawa baya da magudanar ruwa a bututun tatsa: bututun da aka rufe yana tara ruwa, kuma ruwa idan ya faɗa kan farfela mai juyi 3,000 a minti ɗaya, karya ta yake yi.

Na uku man. Sama da digiri 400 yana lalacewa, yana fitar da iskar haidirojin wadda ke ratsa ƙarfe ta shiga tsakanin bututun da gilashinsa, bututun ya fara zubar da zafi. Yana daskarewa a digiri 12, abin da ba damuwa ba ne a nan sai a 'yan dararen tsakiyar hunturu. Yana kama wuta idan ya yi tsartuwa daga gaɓoɓin da ke juyawa. Ga kuma wani abu da ake yawan fahimta a baibai: idan na'urar musayar zafi ta huje, ba mai ne ke shiga ruwa ba, ruwa ne ke shiga mai, domin matsin ruwan ya ninka na man sau da yawa. Ruwan ya zama tururi nan take cikin mai mai digiri 390, famfuna su fara kakari, tankin faɗaɗa, wanda ke karɓar rarar mai idan zafi ya ƙara masa yawa, ya kumbura. Dole a sa faifan tsaro mai fashewa da kansa da bawul masu rufewa da sauri a ɓangarorin biyu. Wannan babin kaɗai ya isa ya cika miki shafi goma.

Tambaya daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin NEPA, Kawo: Ni ba na son dogon turanci. Ku ba ni lamba. Tan nawa na hayaƙi ake ragewa?

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ga lamba. Misali ne muka gina da alƙaluman da aka saba gani a irin waɗannan injuna, ku bi shi da alƙalami.

Ku ɗauki injin kwal mai megawat 100 da ke aiki kashi 80 cikin 100 na shekara. Shekara awa 8,760 ce, don haka zai ba da kusan megawat-awa 700,000. Tsohuwar tashar kwal tana fitar da kusan tan ɗaya na iskar kabon a kowace megawat-awa, tana kuma cin kwal mai kyau kusan kilo 400. Ke nan tan 700,000 na kabon da tan 280,000 na kwal a shekara. In tirela na ɗaukar tan 30, tirela 25 ke nan ko 26 kowace rana ta Allah.

Ruwan da ke shiga tukunyar irin wannan injin ya kai kilo 90 a daƙiƙa. Ɗaga shi daga digiri 170 zuwa 245, wato dukan aikin hitoci masu babban matsi, yana buƙatar zafi kusan megawat 30. Rana mai kyau tana ba da wat 850 a kowace murabba'in mita ta madubi, a kama kusan 550 daga ciki. Ana buƙatar madubi murabba'in mita 55,000 ke nan, a fili mai kusan hekta 16, domin sai an bar tazara kada layi ya yi wa layi inuwa. Da tsakar rana wannan fili yana daidai da megawat 10 na lantarki, kashi 10 cikin 100 na injin. A nan masu talla suke tsayawa.

Amma tashar kwal ba ta barci, rana kuwa tana faɗuwa. A wuri mai rana tsantsa, idan aka tattara aikin madubai na shekara bai wuce awa 1,800 na cikakken ƙarfi ba. Megawat 10 sau 1,800 ya ba da megawat-awa 18,000. An rage tan 18,000 na kabon daga 700,000, wato kashi biyu da rabi cikin 100. Kwal ɗin da aka ceto tan 7,200 ne, tirela 240, abin da tashar ke cinyewa cikin kwana tara ko goma. Sauran kwana 355 suna nan yadda suke.

Ana iya ɗaga lambar da tankunan gishiri masu ajiye zafi zuwa dare, kashi 60 gishirin sodiyam naitiret, kashi 40 na fotashiyam. Sai dai filin madubai zai ninka biyu ko uku, kuma gishirin yana daskarewa in ya sauko wajen digiri 230, dole a naɗe kowane bututu da wayar ɗumamawa. In ya daskare a bututu, Baba, kun san aikin da ke gaban ma'aikata. Ko da hakan, iyakar abin da hitoci za su karɓa kashi 10 ɗin nan ne. Gyaran kwandansa mai yoyon iska, da wanke bututan tukunya, da daidaita iskar ƙonewa sukan ceto kwal kwatankwacin abin da madubai ke cetowa, da kuɗi kaɗan. Tashar da ba ta yi waɗannan ba, ba ta da hujjar sayen madubi.

Tambaya daga wani ɗan jarida, Tudun Wada: An taɓa yin wannan a wani wuri, ko a takarda kawai yake?

An yi, Malam, kuma tarihin bai da daɗin ji sosai. Tashar Liddell a jihar New South Wales ta Ostireliya ce ta fara, da ƙaramin filin Fresnel a 2004, aka ƙara wani mai zafin megawat 9.3 a 2012. Tashar kuwa mai megawat 2,000 ce, ka ga ai cikin cokali ne. An rufe Liddell baki ɗaya a Afrilun 2023. A Amurka, kamfanin Xcel Energy ya gwada madubin kwalbati a tashar Cameo ta jihar Kolorado a 2010. Na'urorin sun yi aiki ba tare da dagula tashar ba, amma kwal ɗin da aka ceto bai kai hasashe ba, kuma tashar da ma tana dab da rufewa. Mafi girma shi ne na Kogan Creek a jihar Queensland, inda aka tsara ƙarin megawat 44 kan injin mai 750, da kuɗi kusan dalar Ostireliya miliyan 105. An kafa madubai, aka yi ta fama da matsalolin fasaha da na kwangila, kamfanin Areva mai kayan ya fita daga harkar rana a 2014, a 2016 aka soke aikin bai ba da wuta ba.

Inda haɗin ya fi zama da gindinsa shi ne da gas, kuma a nahiyarmu: Ain Beni Mathar a Maroko, mai megawat 470 da 20 daga rana, sai Hassi R'Mel a Aljeriya da Kuraymat a Masar, duk an buɗe su tsakanin 2010 da 2011. Ka lura da rabon: 20 cikin 470.

Abin da ya karya kasuwar madubai ba gajimare ba ne. Farashin farantan sola ne ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Shi ya sa yau masu tashoshin kwal suka koma can. Kamfanin NTPC na Indiya ya shimfiɗa farantai masu megawat 100 a kan tafkin tasharsa ta Ramagundam a 2022. Afirka ta Kudu ta kashe tashar Komati a Oktoban 2022, da shirin mayar da wurin tashar sola da iska da batura. Abin da tsohuwar tashar kwal ke da shi mai daraja shi ne fili, da ruwa, da layin babbar waya, da ma'aikatan da suka san aiki.

Tambaya daga wani mai haɗa sola, Rigasa: Mu da rana ke gasa mu, ai nan ne ya fi dacewa da madubin nan. Ko ba haka ba?

Maigida, zafin gari daban, hasken da madubi ke so daban. Kai da ke aiki da farantai ka san ko a ranar da hazo ya rufe gari inbata tana nuna caji, ko da ya ragu. Dalili shi ne faranti yana cin haske ko daga ina ya zo, wanda ya sauko kai tsaye da wanda ƙura da gajimare suka watsa. Madubi mai tattara haske ba ya cin watsattse ko kaɗan. Gwajin mai sauƙi ne: ka dubi inuwarka. In bakinta a yanke yake tsaf, ranar madubi ce. In ta yi dishi-dishi ko babu ita, madubi zaman banza yake, ko da gumi na keto maka.

Yanzu ka ƙirga watannin Kaduna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har cikin Maris, ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana zuwa tana tafiya, wani lokaci rana ta zama kamar farin faifai a sama. Daga Yuni zuwa Satumba gajimare ne, Agusta kuwa marka. Masu wannan sana'a suna neman wurin da hasken kai tsaye ya kai kilowat-awa 2,000 a murabba'in mita a shekara, Kaduna kuwa ba ta kai ba. Awa 1,800 ɗin da muka ba Baba a sama ba za a same su a nan ba.

Sai wanki. Madubi mai tsabta yana mayar da kusan kashi 93 cikin 100 na haske. Ƙura tana cutar da shi fiye da faranti, domin haske yana ratsa ta sau biyu, shiga da fita, kuma wanda ta karkatar ko da kaɗan ne ya kuskure bututu. A hunturu sai an wanke filin duka akalla sau ɗaya ko biyu a mako, da ruwan da aka cire wa gishiri, domin ruwan burtsatse yana barin tabo fari. A tashar kwal kuma ga tokar bututu da ƙurar tulin kwal, don haka filin madubai yana zama ne ta inda iska ke fitowa, ba inda take nufa ba. Guguwar farkon damina, wadda ke ɗaye rufin kwano a Afrilu da Mayu, ita ma sai an kifa madubai kafin ta iso, da batirin da zai juya su ko wuta ta ɗauke.

Ga abin da zai yi maka daɗi. Farantai masu megawat 10 a yankin Kaduna za su ba da kusan megawat-awa 16,000 a shekara a fili mai kusan girma ɗaya, ba mai, ba bawul, ba taɓa tabain. Tashar kwal tana shan kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na wutarta wajen juya famfuna, injin niƙa da fankoki, kuma farantai na iya ɗaukar wannan nauyin da rana. Tashar farantai mai megawat 10 ce aka buɗe a Kumbotso ta Kano a Janairun 2023. Sharaɗi ɗaya ne: hayaƙi yana raguwa ne in an sassauta wa tukunya kwal a lokacin da rana ke ba da wuta. Tsofaffin injuna ba sa sauka ƙasa da kusan rabin ƙarfinsu sai harshen wuta ya fara rawa a koma tallafa masa da mai, kuma a ƙaramin lodi kowane kilowat ya fi cin kwal.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya, Barnawa: Muna ma da tashar kwal a ƙasar nan? Kuma rana za ta hana tarin da hayaƙin ke sa mutane?

Malama, babbar wayar ƙasa ba ta da tashar kwal ko ɗaya a yau. Wutar da ke isowa tashar rarraba wuta ta Mando a Kaduna daga gas take da madatsun ruwa irin su Shiroro, Kainji da Jebba. An gano kwal a Inugu a 1909, tashar Oji River ta 1956 ta yi aiki da shi, ta daɗe da mutuwa. Kwal ɗin da ake haƙa yanzu, kamar na Maiganga a jihar Gombe, masana'antun siminti ne ke cinye shi. Wata tashar kwal da ke yankin ƙasar Hausa da maƙwabtanta ita ce ta kamfanin Sonichar a Anu Araren kusa da Cirozerin, jihar Agadas ta Nijar, mai injuna biyu da jimillarsu ba ta kai megawat 40 ba, wadda ke ba Arlit da Agadas wuta tun farkon shekarun 1980. In akwai inda madubi zai yi ma'ana a yankinmu, can ne, domin sararin samaniyarsu ya fi namu tsabta, kodayake ruwan wanki zai zame musu aiki.

Batun tari kuwa, a'a. Abin da ke shiga ƙirji toka ce mai laushi da iskar farar wuta da ta naitirojin. In rana ta rage kwal da kashi 3, su ma kashi 3 za su ragu. Matatar toka mai aiki da lantarki ko ta buhunan yadi tana kama sama da kashi 99 cikin 100 na toka, wankin hayaƙi da ruwan farar ƙasa yana cire sama da kashi 90 na farar wuta. Duk ranar da aka zo wa wata al'umma da shirin tashar kwal ana nuna mata hoton madubai, waɗannan biyun ya kamata ta fara tambaya, da inda za a zuba toka. Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta kai matakin daidaita hayaƙinta a 2060, wato kabon da take fitarwa kada ya wuce wanda ake zuƙewa daga iska, sabuwar tashar kwal kuwa shekara arba'in ake gina ta ta yi.

Tambaya daga wani manajan masana'anta, Kakuri: Muna da tukunyar tururi mai shan baƙin mai, ruwa lita 10,000 take ci a yini. Wannan dabarar za ta yi mana?

Alhaji, kai ne ma ka fi kowa cin moriyarta a garin nan, kuma ba ka buƙatar madubi. Bututan gilashi masu zuƙaƙƙiyar iska ko faffaɗan faranti mai ɗumama ruwa sun isa, su kuwa suna cin watsattsen haske, hazo bai kashe su.

Ga lissafinka. Ɗaga lita 10,000 daga digiri 25 zuwa 80 yana cin kilowat-awa 640. A rana matsakaiciya murabba'in mita a Kaduna tana samun kusan kilowat-awa biyar da rabi, na'urar ta kama rabi, don haka kana neman murabba'in mita 230 zuwa 250, abin da rufin rumfar masana'anta ɗaya zai ɗauka in ƙarafansa na da ƙwari. In tukunyarka na mayar da kashi 80 cikin 100 na mai zuwa tururi, ka ceto lita 70 zuwa 80 a yini, kusan kashi 8 cikin 100 na abin da take sha. Ka ninka da farashin da kake saye da kwanakin aikinka, ka ga shekara nawa kayan za su biya kansu.

Kafin ka kira mai kaya, ka sa ma'aunin zafi a tankin ruwan tukunya na mako guda. In kana dawo da ruwan tururin da ya huce kuma tankin yana digiri 70, rana ba ta da sauran aiki sosai, sai dai a sa ta kan sabon ruwan da ake ƙarawa kaɗai. In kuwa zubar da shi kake yi a kwata, fara da dawo da shi, ya fi komai araha. Haka naɗe bututan da suke tsirara da gyaran tarkon tururi masu yoyo, wato bawul ɗin da ke fitar da ruwa ya riƙe tururi.

Wajen haɗawa, ruwa ya fara bi ta na'urar tausasa shi kafin ya hau rufi, in ba haka ba farin dutse zai toshe bututan cikin 'yan watanni. Ka sa tanki mai rufin hana zafi fita wanda zai ɗauki akalla rabin ruwan yini, da na'urar da ke kunna famfo in rufi ya fi tanki zafi da digiri shida zuwa takwas, ta kashe in tazarar ta sauko biyu ko uku. Famfon da ke tura ruwa tukunya, wanda ya saba da ruwan sanyi, zai fara ƙara kamar yana tauna tsakuwa in ruwa ya kai digiri 80, saboda ruwan na tafasa a bakinsa. Maganin shi ne a ɗaga tankin mita uku zuwa huɗu sama da famfon, a faɗaɗa bututun shiga, a duba ko robobinsa na jure zafi.

Babban haɗarin shi ne ranar da ba a aiki, ko wuta ta ɗauke da azahar famfo ya tsaya. Bututan gilashi da ruwa ba ya gudana a cikinsu suna haura digiri 200. In wuta ta dawo famfo ya watsa musu ruwan sanyi, sai ka ji suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Don haka famfon rufi ya sami nasa ƙaramin faranti da batir, a sa bawul mai sakin matsi da tankin faɗaɗa, a saita na'urar kada ta kunna famfo in rufi ya wuce digiri 120, sai ya huce da yamma. Lokacin hutun sallah kuwa, a rufe bututan da tamfol kafin a kulle ƙofa.